Mai Gida Ya Shiga Sana'ar Ɗan Haya: Rikicin Masu Rumbun Bayanai

Malam Edita,

Ina roƙonka da ka ba ni ɗan fili domin in tofa albarkacin bakina a kan wani rikici da ake ta yi can ƙasashen Turawa, musamman Amurka, tsakanin manyan kamfanonin da ke ba da hayar kwamfuta da kuma ƙananan da ke ajiye wa mutane bayanai. Na san wani zai ce me ya haɗa ɗan tireda da wannan magana? To ni ma da haka nake cewa, sai da abin ya taɓa littafin bashina.

Shekara da shekaru ina rubuta bashi a littafi mai baƙin bango, irin wanda kowa ya sani. Sai ɗan ƙanena ya gama karatun kwamfuta, ya zauna ba aiki, ya ƙirƙiro mana wata 'yar manhaja a waya. Wanda ya ɗauki sukari ko sabulu bashi sai ka shigar, idan ranar biya ta zo ta tuna maka. Mu 'yan layinmu muka karɓa hannu bibbiyu. Wata rana bayan magariba sai ga yaron nan ya zo mini a rikice, ya ce, "Baffa, kamfanin da nake ajiye mana lissafi a wurinsa ya aiko da saƙo, wai zai daina hulɗa da masu ƙaramin ƙarfi, kowa ya kwashe kayansa cikin wata ɗaya." Na ce wace irin ajiya kuma, ba a cikin wayata lissafin yake ba? Ya ce, "A'a Baffa, waya taga ce kawai, ta nan kake leƙawa." Ashe duk kuɗin da nake bin mutane yana rubuce ne a wata ƙasa da ban taɓa takawa ba, a hannun mutanen da ko sunana ba su sani ba. Ba zan faɗi sunan kamfanin ba, don ba shi ne abin magana ba. Yaron dai ya yi kwana uku ba barcin kirki kafin ya kwashe mana lissafin ya mayar wurin wani babba, inda takardar kuɗin wata ta fara zuwa masa da caji iri-iri da shi kansa sai ya yi da gaske yake gane su. Wannan ne ya sa na zaunar da shi ya yi mini bayani dalla-dalla, kuma tun daga ranar nake sa shi yana karanto mini labarin wannan kasuwa.

Ga yadda abin yake a taƙaice. Duk wata manhaja da ke riƙe lissafi, ko ta banki ce, ko ta na'urar POS da muke cirar kuɗi, ko ta sayen tikitin jirgi, tana da wani babban littafi a bayanta wanda ake kira rumbun bayanai. A nan ake rubuta wane ya tura nawa, wane saura nawa gare shi. Da can kowane kamfani shi yake sayen manyan kwamfutocinsa, ya ajiye a ɗaki mai sanyi, ya sayi janareta, ya ɗauki mai gadi da injiniya. A shekarar 2006 sai kamfanin Amazon, wanda aka sani da sayar da kaya ta intanet, ya fara ba da hayar kwamfutocinsa da ma'ajiyarsa, ka biya gwargwadon abin da ka yi amfani da shi kamar yadda ake biyan kuɗin wuta da mita. Wannan reshe nasa shi ake kira AWS. Daga baya Microsoft da Google suka biyo sahu. Turawa suna ce wa abin girgije, amma fa kada sunan ya ruɗe ku, babu wani abu da ke sama. Manya-manyan gine-gine ne kamar sito, cike da na'urori da ke shan wuta dare da rana.

Waɗannan uku su ke riƙe da kusan kashi biyu cikin uku na wannan kasuwa a duniya. Reshen Amazon kaɗai ya yi cinikin sama da dala biliyan 100 a shekarar 2024. Mai karatu ya buga wannan da farashin dala ya gani.

To su kuma ƙananan fa? Su masu fasaha ne da suka ƙware a kan abu ɗaya, wato gina rumbun da kula da shi. Yawancinsu da suka fara, sai suka saki sirrin aikinsu a fili, kowa ya ɗauka kyauta, ya yi amfani da shi, ya gyara, ya ma sayar idan ya ga dama. Ba don tsabar kirki ba ne kawai, dabara ce ta kasuwa. Idan mutane suka saba da kayanka har suka kasa rabuwa da shi, wata rana za su zo su ce mun gaji da wahalar kulawa, ka kula mana mu biya ka. Nan ribar take. Sai dai kuma ƙaramin ba shi da ginin kansa, a sitonsu Amazon yake kama haya.

Ku ɗauka mai tsire ne ya kafa tukuba a ƙofar gidan wani attajiri, yana biyan haya duk wata. Ya haɗa wani yaji da babu irinsa a garin, kuma saboda yana son suna ya kai ko'ina, ya rubuta yadda ake haɗin ya manna a bango. Attajiri yana zaune a soro yana kallon layin da ake yi kullum. Rana ɗaya sai ya kwafi haɗin, ya kafa tasa tukubar a cikin zaure, inda akwai fanka da kujeru, kuma duk wanda ya zo sayen shinkafa a kantinsa sai a ce masa ga tsire nan ma, a haɗa maka lissafi wuri ɗaya. Bai yi sata ba, tunda a bango ya gani. Amma mai tsire yana ci gaba da biyan haya ga mutumin da ke kwashe masa masu saye.

Abin da ya faru ke nan da wani kamfani mai suna Elastic, wanda aka kafa a ƙasar Holan a 2012. Ɗaya daga cikin waɗanda suka kafa shi, Shay Banon, shi ya ƙirƙiro wata manhajar binciko abu cikin tarin bayanai mai suna Elasticsearch. A 2015 Amazon ya ɗauki manhajar ya fara sayar da hidimarta, har da sunan ya manna a jikin nasa. A 2019 Elastic ya kai ƙara kotu a kan sunan. A Janairun 2021 kuma ya canza sharuɗɗan lasisi don ya toshe wa Amazon hanya. Me Amazon ya yi? Sai ya ɗauki kwafin ƙarshe da aka saki kyauta, ya raɗa masa suna OpenSearch, ya zuba ma'aikatansa suka ci gaba da gina shi. An sasanta maganar suna a 2022, amma reshen da ya ɓalle ya riga ya yi saiwa. A 2024 Elastic da kansa ya dawo ya sake buɗe ƙofar da ya rufe.

Na MongoDB ya ɗan bambanta, kuma shi ne ya fi ba ni sha'awa. Kamfani ne na birnin New York da aka kafa a 2007. A Oktoban 2018 ya fito da sabon lasisi mai cewa duk wanda zai ɗauki manhajarsa ya riƙa sayar da hidimarta, to dole ya bayyana sirrin dukkan kayan aikin da ya kewaye ta da su. Sun san babu babban kamfanin da zai yarda da haka. Wata uku ba a cika ba, a Janairun 2019, Amazon ya fito da nasa mai suna DocumentDB, wanda ba kwafi ba ne, amma an gina shi ya riƙa amsa irin yaren da MongoDB yake amsawa, ta yadda mai saye zai iya sauya sheƙa ba tare da wahala mai yawa ba. Mutane da dama sun ce shi ke nan, an gama da MongoDB. Amma ba a gama ba. Tun 2016 ya riga ya buɗe tasa hidimar ta kula wa mutane da rumbu mai suna Atlas, ya dage a kanta, har ta kai tana kawo masa fiye da rabin kuɗin shigarsa. Abin dariyar kuma, a kan kwamfutocin Amazon da Microsoft da Google Atlas ɗin yake zaune, har ma suna taya shi tallarsa a kantunansu, tunda ko wa ya yi ciniki kuɗin haya nasu ne.

Sai na uku, Redis. Wani ɗan Italiya mai suna Salvatore Sanfilippo ne ya rubuta shi a 2009 ya ba duniya kyauta. Kamfanin da ya zo ya mallaki sunan daga baya, ba shi ya ƙirƙiro shi ba. A Maris na 2024 wannan kamfani ya canza lasisi, rijiya ta bayar guga ya hana. Kwana takwas kacal, sai ga wani reshe mai suna Valkey ya ɓullo a ƙarƙashin Gidauniyar Linux, da goyon bayan Amazon da Google da Oracle, kuma cikin waɗanda suka ja gaba har da mutanen da suka daɗe suna yi wa Redis ɗin aiki. A Mayun 2025 Redis ya bi sahun Elastic, ya sake buɗe ƙofa.

Yanzu bari in faɗi ra'ayina, ko da zai ɓata wa wasu rai. A matsayina na ƙaramin ɗan kasuwa zuciyata tana tare da ƙanana, don na san zafin a ce wanda kake saro kaya a wurinsa ya buɗe shago kusa da naka yana sayarwa a farashin sari. Amma a maganar canza lasisi, ina ganin ƙananan nan sun yi kuskure, kuma sun gane da kansu tunda biyu daga cikin ukun sun janye. Kai ka ce kowa ya ɗauka. Jama'a suka ɗauka, suka taya ka gyara shekara da shekaru ba ka biya su ko sisi ba, suka yi maka talla har sunanka ya kai inda ya kai. Ranar da kuɗi suka fito sai ka ce ai ba haka kake nufi ba? Babban da kake son ka cuta bai ji komai ba, yana da injiniyoyi dubbai, cikin mako guda ya yi nasa. Wanda ya sha wahala shi ne yaro irin ɗan ƙanena, da ya wayi gari bai san wanne zai bi ba. Kuma a faɗi gaskiya, manyan ba zaune suke suna ci kawai ba, akwai ma'aikatansu da ke cikin masu gyaran waɗannan manhajoji tun kafin rikici.

Inda nake ganin laifin manyan yake, ba a kwafar yaji ba ne. A bakin ƙofa yake. Idan za ka shigar da bayananka sitonsu, kyauta ne, ko nawa ne kawo. Idan za ka fitar, sai ka biya. A cibiyoyin Amazon na Amurka, bayan ɗan abin da ake yafewa duk wata, kuɗin fitarwa kimanin senti 9 ne a kan kowane gigabait, irin gigan nan da muke saye a waya. Ga ɗan tireda wannan ba komai ba ne. Amma kamfanin da zai fitar da gigabait 10,000 zai biya wajen dala 900, kuma akwai masu ninkin wannan sau ɗari ko sau dubu. Wane ɗan kasuwa ne zai yarda a ce masa ajiye buhunanka a sitona kyauta ne shiga, amma kowane buhu da zai fita sai an biya kuɗin ƙofa? Haka mutum zai ga wani ƙarami da ya fi iya aiki kuma ya fi araha, amma idan ya lissafa kuɗin tashi sai ya haƙura ya zauna. Ƙari a kan haka, manyan sukan yi wa babban mai saye rangwame idan ya yi alkawarin kashe kuɗi kaza a wurinsu cikin shekara kaza. Wanda ya ɗaure kansa da irin wannan alkawari, ina zai kai kuɗinsa waje?

Hukumomi a Turai sun farga da wannan. Tarayyar Turai ta yi dokar da ta ce daga Janairun 2027 ba za a ƙara cajin mutum kuɗin sauya kamfani ba. Da manyan suka ga inda iska ta dosa, a farkon 2024 Google ya fara, Amazon da Microsoft suka biyo baya, suka ce sun yafe kuɗin fita ga wanda zai kwashe kayansa ya tafi, amma sai ya rubuta ya nema. A Birtaniya ma hukumar kula da gasar kasuwanci ta yi dogon bincike, a Yulin 2025 ta ce gasa ba ta tafiya yadda ya kamata a wannan kasuwa, ta kuma nuna Amazon da Microsoft da yatsa. Wannan ita ce hanya a ganina. Ba a ce gwamnati ta raini ƙanana a goye ba, a dai cire kwaɗon da ke ƙofa, kowa ya gwada ƙwazonsa.

Kada kuma wani ya ɗauka duk wanda ya kai kayansa wurin ƙarami ya tsira. Ai ni ganau ne. Yawancin ƙananan nan da kuɗin masu zuba jari suke tafiya, suna sayarwa ƙasa da abin da suka kashe don su tara jama'a. Ranar da masu kuɗi suka ce a kawo riba, ɗayan uku ne: a ƙara farashi, a sayar da kamfanin, ko a rufe. Facebook ya sayi wani mai suna Parse a 2013, a farkon 2016 ya ba masu ajiya wa'adin shekara guda su kwashe. Wani mai suna Fauna ya rufe hidimarsa a 2025. Waɗanda aka saye kuwa suna da yawa: Google ya sayi Firebase a 2014, Microsoft ya sayi Citus Data a 2019, a 2025 Databricks ya sayi Neon a kan kusan dala biliyan 1, Snowflake kuma ya sayi Crunchy Data. Ga masu kamfanin wannan ba faɗuwa ba ce, sun yi kuɗi. Wasunsu ma tun farko don a saye su suka kafa. Akwai dai masu tsayawa da ƙafarsu, kamar Supabase da aka kafa a 2020, wanda a ƙarshen 2025 masu jari suka ƙiyasta darajarsa a kan dala biliyan 5, amma shi ma ɗan haya ne a sitonsu Amazon.

To a ruga wurin babba ke nan? Nan ma an gudu ba a tsira ba. Ranar 20 ga Oktoban 2025 aka samu tangarɗa a babbar cibiyar Amazon da ke Jihar Bajiniya. Ba gobara aka yi ba, ba kuma ɓarayi ba ne. Na'urar da ke nuna wa kwamfutoci adireshin rumbun Amazon mai suna DynamoDB ce ta yi kuskure, adireshin ya ɓace. Sa'o'i da dama Snapchat ba ya aiki, wasu bankunan Ingila mutane sun kasa shiga asusunsu, ɗaruruwan kamfanoni suka tsaya cik. Har da ƙananan da mutum ya zaɓa don ya guje wa babba, tunda a gidansa suke haya. Idan gari duka a rijiya ɗaya yake ɗiban ruwa, ranar da akuya ta faɗa ciki kowa ya san sauran.

Ga inda abin ya zo ƙofarmu. Kamfanonin Najeriya da yawa, ciki har da masu harkar tura kuɗi ta waya, a wurin waɗannan manyan suke haya, kuma farashin da dala ake yanke shi. A farkon 2023 dala tana wajen Naira 460 a farashin hukuma, a 2024 ta haura Naira 1,500. Wanda bai ƙara ko buhu ɗaya a sito ba, kuɗin hayarsa ya ninka sau uku. Kuna tsammanin daga aljihunsa zai biya? A jikinmu zai fanshe, ta 'yan kuɗin cajin nan da ake zara kaɗan-kaɗan. Wannan ya ba wasu kamfanonin gida dama suka fara cewa ku zo wurinmu, da Naira za ku biya, kuma kayanku suna cikin ƙasa. Ba a daɗe ba, a Janairun 2025, Amazon ya sanar cewa shi ma zai riƙa karɓar Naira. Kun ga amfanin ƙarami ke nan ko da ba ka sayi komai a wurinsa ba: motsinsa kaɗai yana sa babba ya gyara zama. Sai dai karɓar Naira daban, yanke farashi da Naira daban, kada a ruɗe mu.

Na tambayi ɗan ƙanena, na ce to kai yanzu me ka koya? Ya ce, "Baffa, ba sito ne abin dubawa ba, buhun ne." Ya bayyana mini cewa akwai wani irin rumbu mai suna PostgreSQL, wanda aka faro a Jami'ar Kalifoniya da ke Berkeley tun 1986 a ƙarƙashin wani malami Michael Stonebraker, kuma babu wani kamfani ɗaya da ya mallake shi, balle ya tashi wata rana ya canza sharaɗi. Amazon yana ba da hayarsa, Microsoft da Google suna bayarwa, ƙananan nan irin su Neon da Supabase ma a kansa suka ginu. Wanda ya zuba lissafinsa a irin wannan buhu, idan mai sito ya ɓata masa rai zai iya ɗauka ya kai gaba, don kowa ya san yadda ake kwance shi. Wanda kuwa ya zuba a buhun da kamfani ɗaya ne kawai ya san ɗinkinsa, ko an yafe masa kuɗin ƙofa sai ya sake ɗinki daga farko. Ya ce sa'ar da muka ci ke nan, da ma a irin buhun farko ya zuba namu, shi ya sa kwana uku suka ishe shi.

Don haka nake kira ga 'yan'uwana 'yan kasuwa, duk yaron da ya kawo muku manhajar lissafi, ko wakilin wani kamfani da ya zo da zaƙin baki, kada ku tsaya a kan nawa ne. Ku tambaye shi a ina lissafin yake kwana, kuma idan na ce na fasa, ta yaya zan karɓi abina, a cikin kwana nawa, da nawa? Idan ya fara kame-kame, ku riƙe littafinku. Ina kuma kira ga 'yan majalisarmu da hukumomin da ke kula da harkar sadarwa da kare haƙƙin masu saye, su dubi abin da Turai ta yi a kan kuɗin fita, tun kafin namu kamfanonin na gida su girma su koyi halin. Ba a fafe gora ranar tafiya.

Ni dai yanzu mun yi yarjejeniya da yaron. Duk ranar Juma'a bayan an sauko daga masallaci, sai ya sauko da kwafin lissafin layinmu gaba ɗaya ya zuba a wata 'yar ma'ajiya da nake kullewa a durowar shago, na wata-wata kuma ya buga mini a takarda. Littafina mai baƙin bango ma na ciro shi daga ƙarƙashin katan ɗin madara, duk bashin da ya wuce Naira 20,000 sai na rubuta da hannuna.

Malam Edita, idan da hali ka tura wakilinku ya zagaya kamfanonin gida masu wannan sana'a, ya tambayo mana farashinsu da Naira da kuma sharaɗinsu na fita, a buga mana a nan mu gani.

Naku,
Wani ɗan tireda, mai karatunku a kullum,
Kano.